Ƙaramin injin ɗumi da ya fitar da mu kunya a sanyin Edmonton

Wata Talata cikin Nuwamban 2023, mutumin da muka kira ya duba mana injin ɗumama gida ya hauro daga ɗakin ƙasa, ya tsaya a ƙofar kicin yana murza hularsa, ya ce yana son ganin mai gidan. Na ce ai ga ta nan a gabanka. Baban yara yana wurin aiki, ni kwanana goma sha tara da haihuwa, Hajiyarmu kuma tana falo da jaririya a cinya, ta zo daga Zariya don jego. Ya ce to in sauko in gani da idona.

Ya zura wata 'yar kyamara mai dogon wuya cikin injin, ya miƙo mini allon. Ga tsaga nan a jikin ƙarfe, siririya kamar zare, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Ya yi mini bayani a taƙaice. Gas yana ci ne a cikin wani rufaffen kasko na ƙarfe, fanka kuma tana kora iskar gida ta bayan kaskon, iskar ta ɗauki zafi ta bi bututu ta shiga ɗakuna. Hayaƙi yana ciki, iskar da muke shaƙa tana waje, kuma ba a so su haɗu ko sau ɗaya. In kaskon ya tsage, an buɗe wa kabon monoksaid hanya. Duk wanda ya tashi a Arewa ya taɓa jin labarin mutanen da suka kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, ko suka shigo da janareta tsakar falo, aka wayi gari sai dai a ɓalle ƙofa. Gubar ke nan, ba ta da wari, ba ta da launi. Ya murɗe makunnin gas, ya rataya wa injin jan kati, ya ce kada a sake kunna shi.

Gidanmu a unguwar Mill Woods yake, a birnin Edmonton na ƙasar Kanada, irin gidajen nan marasa bene da aka gina a shekarun 1970, murabba'in ƙafa 1,100 da ɗan kai, da ɗakin ƙasa. Allah ya taimake mu Nuwamban shekarar ya zo da sauƙi, ko dusar ƙanƙara ba ta sauka ba, abin da tsofaffin garin suka riƙa mamaki. Muka tattara a ɗakuna biyu da hita ta lantarki guda uku, biyu daga ciki aro ne daga wasu 'yan'uwa da muke haɗuwa a masallacin Al Rashid. Wannan sararin na mako guda shi ya ba mu damar kiran kamfanoni uku mu ji ta bakinsu. Da a Janairu abin ya faru, duk wanda ya fara ɗaga waya shi zai yanke mana farashi, mu kuma mu ce mun gode.

Baban yara ya riga ya yanke hukunci tun kafin kowa ya zo. Tsohon injin mai BTU 100,000 ne (BTU ma'aunin zafi ne, da shi ake faɗin ƙarfin injin), don haka a ganinsa ko dai a kawo irinsa ko a kawo wanda ya fi shi. Ban ga laifinsa ba. Mu mutanen janareta ne. A gida in ka sayi ƙarami, ranar da aka jona firiji da dutsen guga sai ya yi tari ya mutu, shi ya sa kowa ya san cewa gara a yi saura da a gaza. Ni ma da wannan tunanin na fara.

Na farko da ya zo daga wani babban kamfani yake, da jaka da kwamfutar hannu da ƙamshin turare. Ya sauka ƙasa bai yi minti uku ba, ya ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin tsohon injin, ya hauro ya zauna a teburin cin abinci. Ya ce zai ba mu mai BTU 100,000 irin wanda wutarsa ke hawa da sauka da kanta, dalar Kanada 9,800, ko mu biya kaɗan-kaɗan duk wata. Ya ce kuɗin gas ɗinmu zai ragu da kusan kashi arba'in cikin ɗari. Ya ce farashin na yau ne kawai, gobe rangwamen ya ƙare. Na roƙe shi ya bar mini takardar in karanta, ya ce sai an sa hannu ake bayarwa. Nan ya fita daga raina. Lardin Alberta, inda Edmonton yake, ya hana bin gida-gida ana tallar injin ɗumi da tankin ruwan zafi tun farkon 2017 saboda yadda ake matsa wa mutane su sa hannu a kan yarjejeniyar da ba su gane ba. An hana ƙwanƙwasa ƙofa, amma in kai ka kira su da kanka, halin yana nan.

Na biyu bai ma zo ba. Wani abokin Baban yara ne ya ba mu lambarsa. A waya ya tambayi girman gidan, ya ce mai 80,000 zai yi, dala 4,200 in kuɗi a hannu ne, kuma ba sai an wahalar da kai wajen neman izinin hukumar birni ba. Na tambaye shi in gobara ta tashi me zan ce wa kamfanin inshora. Ya yi dariya ya ce shekara nawa yana aikin nan. Araha ba ta ado.

Na uku wani dattijo ne da 'yarsa, ƙaramin kamfani mai motoci biyu. Sun yi kusan awa ɗaya da rabi a gidan kafin a yi maganar kuɗi. 'Yar ta bi tagogi ɗaya bayan ɗaya da tef tana rubutawa, ta tambayi shekarar da aka canza su. Uban ya kawo tsani ya leƙa cikin silin ya auna kaurin audugar da ke tare sanyi. Ya ƙirga ƙofofin iska na kowane ɗaki, ya auna faɗin babban bututun da ke mayar da iska ga injin, ya tsaya ya daɗe yana kallon tankin ruwan zafi, sannan ya ce in kawo masa takardun gas na shekara guda. Washegari suka aiko da lissafi. A Kanada akwai ƙa'idar da ake bi wajen auna zafin da gida ke zubarwa, sunanta CSA F280, a Amurka kuma suna da tasu mai suna Manual J. Lissafinsu ya nuna cewa a ranar sanyi mai tsanani, irin digiri 30 da 'yan kai ƙasa da sifili, gidanmu yana asarar BTU wajen 43,000 a awa. Suka ce mai 60,000 ya ishe mu. Dala 6,300, har da izini, da na'urar ƙara wa iska laima, da gyaran bututun hayaƙi.

A daren aka yi ta. Baban yara ya ce, “Maman yara, ki dubi Allah. Daga dubu ɗari a mayar da mu dubu sittin, da jaririya da tsohuwa a gida? Wannan mutumin ragowar kayan shagonsa yake son sauke mana.” Hajiya daga falo ta ce ita ba tsohuwa ba ce, amma dai a ji maganar namiji. Na ɗauko biro da bayan ambulan. Lambar da ake rubutawa a jikin injin, gas ɗin da yake ci ne, ba zafin da yake bayarwa ba. Tsohon namu yana cin 100,000, kashi 80 cikin ɗari ke zama ɗumi, wato 80,000, saura ya bi bututun hayaƙi ya tafi ɗumama tsuntsaye. Sabon yana cin 60,000, kashi 96 ke shiga gida, wato 57,600. Gidan kuma 43,000 yake nema a rana mafi muni. To ina gazawar? Kuma tun bayan da aka sa tsohon, waɗanda suka riga mu zama a gidan sun canza tagogi, sun ƙara audugar silin. Gidan ya daina yoyon zafi kamar da, injin ne bai sani ba.

Abin da ya karya masa gwiwa ba lissafin ba ne. Na tuna masa yadda muke zama da tsohon. Ya tashi da ƙara kamar tirela, minti biyar falo ya yi zafi har ka cire rigar sanyi, ya mutu, bayan minti goma ƙafarka ta fara sanyi, ya sake tashi. Ɗakin yara da ke can ƙarshen gida bai taɓa yin ɗumi sosai ba, don kafin iska ta kai can ma'aunin da ke bangon falo ya riga ya ce ya isa. Wutar kara ke nan. Injin da ya fi ƙarfin gida haka yake yi, kuma wannan kunnuwa da mutuwa ita ke gajiyar da ƙarfe, ya yi zafi ya buɗe, ya huce ya tsuke, sau ɗari a rana, shekara da shekaru, har ya tsage. Na ce ni garwashin ƙirya nake so, wanda zai ci a hankali ya kwana yana ci. Ya yi shiru, sannan ya ce in sanyi ya kama mu kada in ce bai faɗa ba.

Wannan kashi 96 ɗin shi ake rubutawa AFUE a takardun. A Kanada ba wani zaɓi mai yawa a nan, domin tun 2019 doka ta ce sabon injin gas na gida kada ya gaza kashi 95. 'Yan'uwa da ke Amurka har yanzu suna samun mai kashi 80 a kasuwa, kuma ga wanda ke Houston ko Atlanta, inda sanyin bai taka kara ya karya ba, ban ce kuskure ne ba. Amma mu nan wata bakwai injin yake aiki. Yadda waɗannan sababbin ke kaiwa 95 da sama shi ne suna da kasko na biyu da ke tatse zafin hayaƙin har sai tururin da ke ciki ya koma ruwa. Shi ya sa hayaƙinsu ba ya da zafi, da bututun roba ake fitar da shi ta gefen bango, shi ya sa kuma suke ɗigar ruwa kullum, dole a yi musu magudana.

Iri uku ne ta fuskar wuta. Akwai mai mataki ɗaya, ko yana ci gaba ɗaya ko a kashe yake. Akwai mai mataki biyu, wanda yawancin lokaci yake ci da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, sai sanyi ya matsa ya buɗe duka. Akwai kuma wanda ke daidaita wutarsa kaɗan-kaɗan, shi ne na dala 9,800 ɗin nan. Mun ɗauki na tsakiya, da fanka mai sauya gudu. Dattijon ya ce na ukun yana da daɗin zama, ba ƙarya, amma ranar da allon lantarkinsa ko bawul ɗinsa ya lalace bayan garanti ya ƙare za ki ji a jikinki, kuma bambancin gas tsakaninsu bai kai ya biya bambancin kuɗin saye ba. Na yarda da mutumin da ke hana ni kashe kuɗi a shagonsa.

Na kwana biyu ina bincike a intanet a kan wane suna ya fi, kuma ɓata lokaci ne. Carrier da Bryant gida ɗaya ne. Trane da American Standard haka. Goodman da Amana suna ƙarƙashin Daikin, kamfanin Japan da ya sayi Goodman a 2012. Lennox ma yana da nasa ƙannen. Sau da yawa in ka buɗe murfi, kayan ciki 'yan uwa ɗaya ne, fenti da tambari suka bambanta. Namu ɗaya ne daga cikin sanannun nan, kuma ba zan ce sunan ne ya ɗumama mu ba. Mun tambaya kuma game da injin nan mai aiki da lantarki da ke jawo zafi daga iskar waje, wanda ke zama iyakwandishan da bazara. Sababbinsu suna jure sanyi sosai, amma a Edmonton dole sai da wani a bayansa don kwanakin da sanyi ya wuce misali, gas kuma a Alberta yana da sauƙi. Da jego da jan kati a rataye, ban da sararin wannan dogon lissafi.

Ranar ɗaurawa sun iso bakwai da rabi na safe, su uku. Suka shimfiɗa tsumma tun daga ƙofa har ƙasa, abin da ya sa Hajiya ta ce waɗannan suna da tarbiyya. Kafin azahar tsohon ya fita gunduwa-gunduwa. Sabon da suka shigo da shi bai kai shi tsawo ba, na ga Baban yara ya kalle shi ya kalle ni, bai ce komai ba. Suka huda bango wuri biyu, bututu ɗaya na shigo da iskar da wuta za ta ci, ɗaya na fitar da hayaƙi. Na zauna a matakala ina kallon 'yar tana ɗora ma'auni a kan bututun tana gyara masa karkata, ta ce dole ya ɗan gangaro zuwa ga injin, in ba haka ba ruwa ya kwanta a ciki ya daskare. Da suka kunna ba su tattara kaya ba. Uban ya jona wani ma'auni a bawul ɗin gas ya daidaita matsinsa a ƙaramar wuta, ya sake a babba. Ya soka ma'aunin zafi a bututun shiga da na fita, ya gwada bambancin da abin da aka rubuta a jikin injin, ya rage gudun fanka kaɗan, ya sake aunawa. Ya rubuta lambobin da alƙalami a takarda ya manna a gefe. Wannan rabin awar ita ce aikin. Wanda ya ce zai yi a dala 4,200, ina da yaƙinin da wuta ta kama zai ce sai an jima.

Sai batun tankin ruwan zafi, wanda su kaɗai suka ɗago shi. Da, tankin da tsohon injin suna raba bututun hayaƙi ɗaya da ke fita ta rufi. Yanzu da injin ya koma fita ta bango, an bar tankin shi kaɗai a bututun da ya yi masa faɗi. Hayaƙinsa kaɗan ne, ba zai iya ɗumama bututun ya hau ba, sai ya huce a hanya ya zama ruwa, ko ma ya dawo cikin gida. Suka zura wani siririn bututu na ƙarfe a cikin tsohon. A gidan da ake wankan jego safe da yamma, tankin nan ba ya hutawa, don haka ban ɗauki wannan da wasa ba. Bayan kwana tara jami'in birni ya zo ya duba ya sa hannu.

Ƙorafi na farko daga Hajiya ya fito. Ta sa tafin hannu a ƙofar iska ta ce, “Ke 'yar nan, an cuce ku. Wannan ai numfashi ne, ba wuta ba.” Gaskiyarta ta wani ɓangaren. A ƙaramar wuta iskar da ke fitowa ɗumi-ɗumi ce, ba ta ƙona hannu kamar ta da, kuma ba ka jin tashinsa. Wanda ya saba ya tsaya a kan ƙofar iska ya gasa ƙafa zai ji an rage masa wani abu. Na kai ta ɗakin yara na nuna mata ma'aunin da na ajiye a can: digiri 21, daidai da falo. Ta ce ita ba ta san lamba ba, ta san jikinta. Sai da na saya mata ƙaramar hita ta ajiye kusa da sallayarta aka zauna lafiya.

Janairun 2024 ya zo da abin da Baban yara yake jira. Ranar Juma'a 12 ga wata, a filin jirgin saman Edmonton sanyi ya wuce digiri 45 ƙasa da sifili. A cikin gari bai kai haka ba, amma ya isa ka ji gashin hancinka ya daskare kafin ka kai mota. Injin ya hau babbar wuta ya zauna a kai, yana aiki kusan ba tsayawa, ya ɗan huta ya ci gaba. Baban yara ya riƙa zuwa bango yana duba ma'auni kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. 21. Ya dawo bayan awa guda. 21. Injin da aka auna daidai haka ya kamata ya yi a rana mafi sanyi a shekara, ya yi ta aiki, ba wai yana wahala ba ne.

Washegari Asabar da daddare wayoyinmu duka suka ɗauki ƙarar gargaɗi a lokaci guda. Hukumar da ke kula da layin lantarkin Alberta ce ke roƙon jama'a su kashe fitilu da hita da duk abin da ba dole ba, don wuta na gab da gazawa, in ba a rage ba za a fara ɗaukewa unguwa-unguwa. Hajiya ta ce, “Au, NEPA har nan ta biyo ku?” Muka yi dariya, amma cikina ya ɗuri ruwa, don injin gas ma ba ya aiki sai da lantarki: fanka, makunni, allon sarrafawa, duka. Muka kashe komai har da hitar Hajiya, muka zauna da fitila ɗaya. Jama'a sun ji kira, ba a kai ga ɗauke wuta ba.

Da asubahin Litinin ne ya yi mana tsiya. Na tashi shayarwa na ji gidan ya yi tsit, ma'auni yana nuna 17. Na sauka ƙasa, wata 'yar fitila tana ƙiftawa ta ƙaramar tagar murfin. Na ƙirga ƙiftawar, na duba jadawalin da ke bayan murfin, ya ce iska ba ta wucewa yadda ya kamata. Na kira lambar gaggawa ta kamfanin, 'yar ce ta ɗaga da muryar barci. Ta ce kafin ta taso, wani ya fita ya leƙa bakin bututun da ke waje. Baban yara ya sa jaket biyu a kan jallabiya, ya ɗauki tocila. Ya dawo ya ce bututun shigar iska ya toshe da farar ƙanƙara kamar auduga, tururin da ke fita daga ɗan'uwansa ne yake komawa yana daskarewa a bakinsa. Ya nemi abin zurawa, abin da hannunsa ya fara kaiwa a kicin shi ne muciyata, wadda na ɗauko tun daga Kasuwar Sabon Gari. Ya fita ya sossoke, na kashe makunnin injin na kunna, na ji ƙaramar fanka ta tashi, sai ƙyas, wuta ta kama.

Wannan laifin na masu ɗaurawa ne, kuma na faɗa musu. Bakunan bututun biyu sun yi kusa da juna a lungun da iska ba ta kaɗawa, kuma ba wanda ya ce mana mu riƙa leƙawa in sanyi ya yi tsanani ko dusar ƙanƙara ta taru. Magana ɗaya ce da za su faɗa ranar ɗaurawa. Sun zo cikin makon suka ƙara wa na hayaƙin tsawo suka juya bakinsa, ba su karɓi ko sisi ba, kuma bai sake yi ba. Amma har yanzu tururin yana tara ƙanƙara a ƙasa wajen, sai an riƙa farfasawa, kuma in kana tsaye a gefen gidan kana jin hucinsa.

Kuɗin gas kuwa, kada wanda ya ruɗe ku. Daga kashi 80 zuwa 96, abin da za ka rage a gas ɗin ɗumi kusan kashi ɗaya cikin shida ne, lissafi ne ba ra'ayi ba. A nan da gigajul ake auna gas. Shekarar da ta gabaci canjin mun ci 128, shekarar da ta biyo baya 110, har da ruwan zafi a ciki. Kuma takardar gas a Alberta cike take da kuɗaɗen da ba ruwansu da yawan abin da ka ƙona, na kawowa, na gudanarwa, na birni. Abin da ya dawo aljihunmu bai kai dala 200 a shekara ba. Ragin da muka fi gani ma ya zo ne a Afrilun 2025 da gwamnatin tarayya ta cire harajin kabon na masu amfani, kuma wannan ba aikin injin ba ne. Wanda injinsa ke lafiya ya cire shi don ya rage kuɗin gas, zai daɗe bai mayar da kuɗinsa ba. Lantarki ya ɗan sauka saboda sabuwar fankar ba ta ci kamar tsohuwa.

Na'urar laimar da suka haɗa mana ban ɗauke ta da muhimmanci ba da farko, yanzu kuwa ita nake fara yabawa. Iskar cikin gida a hunturun Edmonton ta fi ta hunturun Zariya bushewa. Leɓe ya fashe, kaushi ya fito, yara su yi ta haɓo, ka taɓa mariƙin ƙofa ya ja ka. Da ita abin ya ragu ƙwarai. Sai dai tana son kulawa: in sanyi ya tsananta dole a rage ta, in ba haka ba tagogi su yi gumi, gumin ya daskare, ya narke ya jiƙa katako. Hunturun farko sai da fentin tagar ɗakinmu ya kumbura kafin na gane.

Matatar iska ma ta koya mini darasi. Lokacin hayaƙin gobarar daji na bazarar 2024 na sayo mai lamba MERV 13 (lambar da ke nuna ƙarfin tacewarta), siririya mai kaurin inci ɗaya, don in tace hayaƙin. Da sanyi ya dawo na manta da ita a ciki, injin ya fara wani gunji yana tsayawa kafin lokaci. Ta toshe, ta shaƙe shi. Na koma MERV 8, ina canzawa duk wata biyu. Da na sani da na ƙara kuɗi tun farko an sa mana gidan matata mai kaurin inci huɗu, wanda ke tacewa sosai ba tare da ya hana iska wucewa ba, kuma a nan ma na ga ya kamata su ba ni shawara ba su ba ni ba. Mata 'yan'uwana kuma, turaren wuta yana cin matata. Injin yana zuƙe hayaƙin ya raba wa kowane ɗaki, abin da ke da daɗi, amma in kin ciro matatar za ki gan ta baƙa. Garwashi kuwa na hana shi a gidan tun ranar da Hajiya ta hura gawayi uku a kasko don turara kayan jaririya, na'urar gargaɗin guba da ke kusa da ɗakunan barci ta fasa ihu. Na saya mata kaskon lantarki. Ta ce ƙamshin ba ɗaya ba ne, kuma ta yi gaskiya.

Garantin kayan injin shekara goma ne in an yi rajista cikin kwanakin da kamfanin da ya ƙera ya ƙayyade, in aka yi sakaci ya koma biyar. Masu ɗaurawar sun ce za su yi mana, na bincika bayan wata guda na tarar ba su yi ba, na zauna na yi da kaina. Duk da wannan da na bututun, mutum uku na tura musu, kuma zan sake turawa. Ga duk wanda ya tambaye ni, abin da nake cewa shi ne ya lura da wanda ya zo gidan: in bai auna taga ba, bai leƙa silin ba, bai kalli tankin ruwan zafi ba, to lambar da zai faɗa daga jikin tsohon injin ya kwafo ta.

Hajiya ta koma Zariya a watan Afrilu, tana ba maƙwabta labarin garin da hayaƙin gida ke zama ƙanƙara. Baban yara yanzu shi ke yi wa abokansa bayanin BTU a bakin masallaci, kamar shi ya kawo shawarar. Muciyar tana rataye a bayan ƙofar baya tare da tocila, na sa an aiko mini da wata don tuwo.